Oksijin ta hanci ko ƙwayar da ke ƙara wa jini riƙo: wanne ya dace da mai ciwon huhu?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon huhu ya san ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa. Majinyaci yana zaune, lamba ta nuna 93. Ya tashi ya taka daga gado zuwa bakin ƙofa ya dawo, sai ta faɗo 84, leɓɓansa sun yi duhu, ya dafa bango yana kokawa da numfashi. Daga ranar aka haɗa shi da robar hanci da na'urar da ke gurnani dare da rana. A cikin wannan hali ne wani zai kawo labarin cewa akwai ƙwayar magani da ke sa jini ya ƙara kama oksijin, lambar ta hau ba roba ba tukunya. Dole zuciya ta karkata wajen.

Labarin yana da tushe. Masana sun yi shekaru fiye da hamsin suna bin wannan hanya, har an gwada ta a kan mutane. Sai dai zuwa yau babu hukumar magunguna da ta amince da irin wannan ƙwaya don ciwon huhu, kuma akwai dalilin da ya sa. Na ga ya kamata a jera ta kusa da sauran hanyoyin a auna su da ma'auni ɗaya, domin wanda zai zauna gaban likita ya san abin da zai tambaya.

Abin da lambar yatsa ke faɗa

Himoglobin furotin ne da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kowane ɗaya da gurabe huɗu na ɗaukar oksijin. Aikinsa irin na ɗan dako ne: ya ɗauki kaya a huhu, ya sauke a ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da tsoka. Idan hannunsa ya yi sako-sako, ba zai ɗauko da yawa ba. Idan kuma ya ƙanƙame kayan ya ƙi saki, ya iso da su cike amma mai kaya bai amfana ba. Na'urar yatsa tana ƙirga kayan da ke kan ɗan dakon ne kawai, wato kashi nawa cikin 100 na guraben suka cika, abin da ake kira cikar jini. Ba ta ganin nawa aka sauke.

Ana auna ƙarfin riƙon da lambar da ake kira P50, wato matsin oksijin da ake buƙata kafin rabin guraben su cika. A babban mutum tana tsakanin 26 da 27 a ma'aunin matsi na mmHg. Idan ta yi ƙasa, riƙo ya yi ƙarfi. Na ɗan tayi yana wajen 19, shi ya sa yake iya karɓe oksijin daga jinin mahaifiyarsa. A matsin 60 jini yana cika kusan kashi 90 cikin 100, a matsin 40 kusan kashi 75. Daga 60 zuwa ƙasa gangara ce mai santsi, matsi ya ragu kaɗan, cikar jini ta zube da yawa. Masu tsananin ciwon huhu a bakin wannan gangarar suke rayuwa.

Jiki da kansa yana murɗa wannan riƙo gwargwadon buƙata. A 1904 Christian Bohr da abokan aikinsa a Kofanhagen suka nuna cewa iskar kabon dayoksaid tana sassauta shi. Zafi da tsamin jini ma haka suke yi, kuma tsokar da ke aiki tana samar da duka ukun, don haka a daidai inda ake buƙata kayan ke sauka. A 1967 aka gano cewa wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin, 2,3-DPG, shi ma yana sassauta riƙon.

Wani lissafi guda zai yi mana amfani har ƙarshe. Kowane giram na himoglobin yana ɗaukar kusan mililita 1.34 na oksijin. Mai himoglobin giram 15 a desilita da lambar yatsa 88 yana ɗauke da kusan mililita 17.7 a kowace desilita ta jini. Mai himoglobin 10 da lambar yatsa 98 yana ɗauke da 13.1 kacal. Na biyun ne lambarsa ta fi kyan gani, na farkon ne ya fi oksijin a jiki.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko, kuma shi ne uban sauran: shin oksijin yana isa gaɓoɓi, ko lambar ce kawai ta gyaru? Na biyu, hujja daga gwaji a kan mutane, cewa an ƙara tsawon rai ko an sauƙaƙa numfashi da zirga-zirga. Na uku, haɗari, da saurin janye abin idan ya zo da matsala. Na huɗu, kuɗi da ɗorewa. Na biyar, sauƙin samu da sauƙin zama da abin yau da gobe.

Zaɓi na ɗaya: ƙarin oksijin

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ce oksijin. Idan aka ƙara wannan kaso, matsin oksijin a jakunkunan iska na huhu ya hau, jini ya cika, kuma ba a taɓa hannun ɗan dakon ba, yana sauke kaya yadda ya saba. A ma'auni na farko ke nan babu mai ja da wannan hanya.

Hujjarta ma ita ce mafi tsufa. Gwajin NOTT a Amurka da Kanada a 1980, da majinyata 203 masu toshewar hanyoyin numfashi da ake kira COPD, ya nuna cewa mutuwa ta kusa ninkawa a cikin waɗanda ke shaƙar oksijin da dare kawai idan aka kwatanta da masu shaƙa kusan dare da rana. A 1981 gwajin MRC a Birtaniya ya bi mutum 87 na tsawon shekara biyar: 19 cikin 42 da aka ba oksijin na awa 15 a rana suka rasu, 30 cikin 45 da ba a ba su ba suka rasu. Daga nan ƙa'idar ta fito, wato matsin oksijin 55 ko ƙasa, ko cikar jini 88 ko ƙasa, mutum yana zaune yana hutawa. Idan zuciyar dama ta fara gajiya ko jini ya yi kauri, ana farawa tun matsi yana 56 zuwa 59.

Hujjar tana da iyaka. Gwajin LOTT na 2016, da mutum 738 waɗanda lambarsu ke tsakanin 89 da 93 ko take faɗuwa matsakaici idan suna tafiya, bai ga ƙarin tsawon rai ko raguwar kwanciya asibiti ba. A 2024 gwajin REDOX a Suwidin, da mutum 241, ya nuna cewa awa 24 bai fi awa 15 ba wajen rage mutuwa ko kwanciya asibiti cikin shekara guda. Wannan sakamako ya faranta mini rai ƙwarai, domin yana nufin mutum da yawa za su iya cire robar na wasu awanni su yi wanka, su ci abinci, su zauna da iyali ba tare da fargaba ba. Ga masu tabon huhu kuwa, gwajin AmbOx na 2018 a Birtaniya ya nuna cewa oksijin na tafi-da-gidanka ya sauƙaƙa rayuwar waɗanda lambarsu ke faɗuwa idan sun motsa.

Haɗarinsa biyu ne manya. Gobara: oksijin ba ya kamawa da kansa amma yana rura wuta, kuma taba sigari kusa da robar hanci ta ƙona fuskoki da yawa. Sai wuce gona da iri. Wasu masu COPD idan aka cika musu oksijin, kabon dayoksaid ya taru a jininsu, barci mai nauyi ya ɗauke su har su suma. Saboda haka ake riƙe su a 88 zuwa 92. Wani gwaji a motocin ɗaukar marasa lafiya a Tasmaniya, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna cewa ba da oksijin daidai gwargwado ya rage mutuwa idan aka kwatanta da buɗe shi gaba ɗaya. Alherinsa shi ne ana murɗa maɓalli a rage ko a ƙara, cikin mintuna jiki ya amsa.

Kuɗi da ɗorewa sun danganta da na'ura. Na'urar tace oksijin ta ɗaki tana raba shi da naitirojin ta hanyar wani ma'adini mai suna ziyolait, tana ba da iska mai tsarkin kashi 90 zuwa 95, yawanci har lita 5 a minti. Ita ce mafi arha idan aka yi lissafin shekaru, amma tana cin wutar lantarki awa bayan awa, tana tsayawa idan wuta ta ɗauke, kuma danshi da ƙura suna rage mata kwana. Tukunya ba ta buƙatar wuta, sai dai nauyi da saurin ƙarewa: matsakaiciya mai lita kusan 680 ba ta kai awa shida a kan lita 2 a minti. Ƙaramar na'ura mai batir tana da daɗin ɗauka da tsada, kuma yawancinsu suna fesa iska ne lokacin jan numfashi kawai, abin da ba ya isar mai tabon huhu da ke buƙatar lita masu yawa. Oksijin na ruwa, wanda lita ɗaya ke zama kusan lita 860 na iska, ya fi kowanne dacewa da mai yawan fita, amma yana tsiyayewa ko ba a yi amfani da shi ba, kuma ba ko'ina ake kawo shi ba.

Wahalar zama da shi gaskiya ce, ban raina ta ba: hanci ya bushe har ya yi jini, bayan kunne ya saluɓe inda roba ke gogawa, doguwar igiya tana harɗe ƙafa da dare. Daga wannan wahalar ce sha'awar ƙwaya ta samo asali.

Zaɓi na biyu: ƙwayar da ke ƙara riƙo

Tunanin ya fito ne daga kan duwatsu. Agwagin dajin da ke tsallake tsaunukan Himalaya da dabbar lama ta tsaunukan Andes suna da himoglobin mai ƙarfin riƙo. A 1974 John Eaton da abokansa suka ba ɓeraye sinadarin sayanet, wanda ke ƙara riƙo, suka saka su a iska mai ƙarancin oksijin irin ta ƙololuwar manyan duwatsu, sai suka fi 'yan'uwansu rayuwa. A 1978 Robert Hebbel ya kai wasu 'yan gida ɗaya garin Leadville a jihar Kolorado, mai tsayin kusan mita 3,100. Biyu daga cikinsu sun gaji himoglobin mai ƙarfin riƙo, kuma su ne bugun zuciyarsu bai tashi sosai ba, ƙarfin motsa jikinsu ma bai ragu ba. Idan ya yi aiki a kan dutse, me zai hana ya yi a huhun da ya lalace?

Abin da zai iya hanawa shi ne huhu mara lafiya ba dutse ba ne. A kan dutse kowace jakar iska tana samun iska, oksijin ɗin cikinta ne ya yi kaɗan, don haka hannu mai ƙarfi yana kwaso ƙari daga ko'ina. A nimoniya mai tsanani ko huhun da ruwa ya cika, wani kaso na jini yana ratsa jakunkunan da iska ba ta shiga sam. Komai ƙarfin hannun ɗan dako, ba zai ɗauki kaya daga rumbun da babu komai ba. Jinin da ya ratsa lafiyayyun jakunkuna kuma ya riga ya cika, babu gurbin ƙari. Ribar ɗauka ta zama kaɗan, asarar saukewa kuwa tana nan: dole matsin oksijin a gaɓoɓi ya ƙara faɗuwa kafin himoglobin ya saki.

Ciwon da ya fi kama da dutse shi ne tabon huhu da ba a san musabbabinsa ba, IPF. A nan bangon da ke tsakanin iska da jini ya yi kauri. Jini yana ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa yana ratsa siraran jijiyoyin huhu idan mutum na hutawa, idan yana aiki tuƙuru lokacin ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Oksijin bai gama tsallake bangon ba jini ya wuce. Shi ya sa lambar mutumin da muka fara da shi take zubewa da ya tashi tsaye, kuma shi ya sa aka zaɓi IPF don gwaji.

Maganin da aka gwada shi ne voxelotor na kamfanin Global Blood Therapeutics da ke Kalifoniya, wanda a lokacin ake kira GBT440. Yana manne wa himoglobin ya tsayar da shi a siffar da ke riƙe oksijin. A ɓeraye masu raunin huhu, wani ɗan'uwansa mai suna GBT1118 ya ɗaga cikar jini, ya kuma taimaka musu jure ƙarancin oksijin. Aka shiga gwaji mataki na biyu a masu IPF. A watan Oktoba 2017 kamfanin ya sanar da dakatar da shirin gaba ɗaya, saboda abin da aka gani bai nuna za a samu amfanin da majinyaci zai ji a jikinsa ba. Daga baya masu bincike a asibitin Mayo Clinic na Amurka suka wallafa abin da suka gani a lafiyayyun mutane da suka sha maganin suna motsa jiki cikin iska mai ƙarancin oksijin: cikar jini ta hau, amma iyakar oksijin da jiki ke iya amfani da shi bai ƙaru ba. A wurina wannan shi ne zuciyar maganar.

Maganin ya ci gaba a wani fagen. A Nuwamba 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi amincewar gaggawa don cutar sikila da sunan Oxbryta, miligiram 1,500 sau ɗaya a rana, domin himoglobin ɗin sikila ba ya lanƙwasa ƙwayar jini muddin yana riƙe da oksijin. A gwajin HOPE, kashi 51 cikin 100 na masu shan wannan adadi himoglobin ɗinsu ya ƙaru da fiye da giram ɗaya, a masu shan ƙwayar da ba magani a ciki kuwa kashi 7. Farashinsa a Amurka ya kai kusan dala 125,000 a shekara. Kamfanin magunguna na Pfizer ya sayi Global Blood Therapeutics a 2022 a kan kusan dala biliyan 5.4. A ranar 25 ga Satumba 2024 Pfizer ya janye maganin daga kasuwannin duniya baki ɗaya, bayan bayanai sun nuna rashin daidaito wajen tashin ciwon toshewar jijiyoyi da mace-mace. Masu sikila ba masu ciwon huhu ba ne, bai kamata a ɗora sakamakonsu kai tsaye a kan wasu ba. Duk da haka darasin ya shafi kowa: an amince da maganin bisa lambar da ta gyaru a takardar gwajin jini, shekara biyar bayan nan aka ga lambar ba ta faɗi duk labarin ba.

Sauran 'yan wannan gida ma ba su zama maganin huhu ba. Sayanet, da aka gwada a masu sikila a shekarun 1970, ya lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Sinadarin 5-HMF ya nuna alamu a dabbobi, bai zama magani ba. Mitapivat, wanda ke rage 2,3-DPG, an amince da shi a 2022 don wani nau'in ƙarancin jini na gado, ba don huhu ba.

Akwai haɗari biyu da suka keɓanta da wannan hanya. Na ɗaya, tana makantar da na'urar yatsa. Likita ya ga 94 ya rage oksijin, alhali ƙoda da ƙwaƙwalwa ba su samu ƙari ba. Mafi munin misalin hakan gubar kabon monoksaid ce, wadda ke cinye gurabe ta kuma ƙara wa sauran riƙo, na'urar yatsa ta gama-gari tana nuna lamba mai kyau mutum yana mutuwa. Na biyu, ba a murɗa ta kamar maɓalli. Idan aka daina sha, sai an jira kwanaki kafin maganin ya bar jajayen ƙwayoyin. Iyalan da suka gaji himoglobin mai ƙarfin riƙo, irin wanda aka fara bayyanawa a 1966 da sunan Chesapeake, suna nuna yadda jiki ke fassara lamarin: ƙoda tana jin yunwar oksijin, ta sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi, jini ya yi kauri.

Ban ce an rufe wannan ƙofa ba. Mai yiwuwa akwai ƙaramin rukuni, masu kaurin bangon huhu da lafiyayyar zuciya, da ɗan ƙarin riƙo zai amfana. Gwaji ne zai nuna, kuma abin da ya kamata ya auna shi ne nisan da mutum ke iya takawa da tsawon ransa.

Zaɓi na uku: sassauta riƙo

Akasin na sama: a sa himoglobin ya yi saurin saki. An gwada efaproxiral a masu ciwon dajin da ya bazu zuwa ƙwaƙwalwa, don kumburin dajin ya samu oksijin, gashin haske ya fi kama shi. Ta jijiya ake ba da shi, kuma dole a haɗa majinyaci da oksijin lokacin, domin cikar jini tana faɗuwa. Kamfanin Allos ya daina aiki a kansa a 2007 bayan babban gwaji bai yi nasara ba. Ga wanda huhunsa ya riga ya gaza cika jini, maganin da ke ƙara rage cikar ba abin nema ba ne.

Zaɓi na huɗu: ƙara yawan himoglobin

Mu koma ga lissafin farko. Idan mai ciwon huhu yana da ƙarancin jini, ɗaga himoglobin ɗinsa daga 10 zuwa 13 yana ƙara oksijin da jini ke ɗauka da kusan kashi 30 cikin 100. Babu ƙwayar ƙara riƙo da ta kusa wannan. Gwajin jini ɗaya ne ke gano shi, kuma idan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne sanadi, maganinsa na daga cikin mafiya arha, sai dai yana ɗaukar makonni, yana kuma iya kawo taurin ciki. Wajibi ne a nemo inda jinin ke zurarewa. Abin yana damuna yadda ake yawan tsallake wannan mataki, ido yana kan lambar yatsa kaɗai.

Ƙarin jini na gaggawa ne. Tun gwajin TRICC na 1999, yawancin asibitoci suna jira sai himoglobin ya sauka wajen 7 a majinyacin da ba zubar jini yake ba. Jinin da ya daɗe a ajiye ya rasa 2,3-DPG, riƙonsa ya yi ƙarfi, sai ya kwana ɗaya zuwa uku a jiki kafin ya dawo daidai. Yana iya cika zuciya da ruwa ko ya raunata huhun da ake son ceto. Wanda kuwa jininsa ke daidai, ƙara masa da allurar da ke zaburar da ɓargo kauri da gudan jini kawai zai jawo.

Zaɓi na biyar: gyara huhun da kansa

Wannan yana tafiya tare da sauran ne. Barin taba, magungunan shaƙa masu buɗe hanyoyin iska a COPD, rigakafin mura da nimoniya. A IPF, pirfenidone da nintedanib, waɗanda FDA ta amince da su a Oktoba 2014, suna rage saurin lalacewar huhu da kusan rabi, amma ba sa mayar da abin da ya tafi. Na farkon yana kawo tashin zuciya da ƙunar fata a rana, na biyun gudawa, duka biyun ana bibiyar hanta, kuma suna da tsada. Atisayen farfaɗo da numfashi na makonni shida zuwa goma sha biyu ba ya cika ɗaga lambar yatsa, amma yana koya wa tsoka yin aiki da ɗan abin da ta samu, kuma hujjarsa wajen rage haki tana da ƙarfi. Dashen huhu shi ne mataki na ƙarshe, ga 'yan kaɗan, da shan maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rai.

| Hanya | Isar oksijin ga gaɓoɓi | Hujja a ciwon huhu | Babban haɗari | Kuɗi da ɗorewa | Samuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙarin oksijin | Tana ƙaruwa | Mai ƙarfi ga masu 88 ko ƙasa | Gobara, taruwar kabon dayoksaid | Matsakaici, na kullum, na'ura na buƙatar kulawa | Akwai, da takardar likita |
| Ƙara riƙo | Ba a tabbatar ba | An dakatar da gwajin IPF a 2017 | Lamba mai ruɗi, jinkirin janyewa | Ya kai dala 125,000 a shekara a Amurka | An janye a 2024 |
| Sassauta riƙo | Saki ya ƙaru, ɗauka ta ragu | Babu | Faɗuwar cikar jini | Bai shiga kasuwa ba | Babu |
| Gyara ƙarancin jini | Tana ƙaruwa sosai ga mai ƙarancin | Lissafi a fili yake | Kaurin jini idan aka wuce iyaka | Arha idan ƙarfe ne | Akwai |
| Maganin huhun da atisaye | A kaikaice | Mai ƙarfi | Illolin ciki da hanta | Daga arha zuwa tsada ƙwarai | Ya danganta da ƙasa |

Wa ya dace da me

Wanda lambarsa ke 88 ko ƙasa yana zaune, an kuma tabbatar da haka lokacin da ciwon ya lafa: oksijin na aƙalla awa 15 a rana, haɗe da lokacin barci, da na'urar ɗaki da tukunyar ajiya saboda ɗaukewar wuta. Idan bayan kwanciya asibiti aka rubuta masa, ya nemi a sake auna shi cikin wata uku, domin da yawa suna farfaɗowa su daina buƙata.

Mai COPD da ke tsakanin 89 da 93: oksijin na dindindin bai nuna amfani ba. Ƙarfinsa da kuɗinsa su tafi ga barin taba, maganin shaƙa da atisaye. Idan ciwon ya tashi aka kai shi asibiti, 'yan'uwa su faɗa wa ma'aikata cewa COPD ne, a riƙe shi a 88 zuwa 92.

Mai tabon huhu da lambarsa ke zubewa idan ya taka, wato wanda ƙwayar ƙara riƙo ta fi jan hankalinsa: a yi masa gwajin tafiyar minti shida da ainihin na'urar da zai riƙa ɗauka, a ga ko tana riƙe shi, kafin a biya kuɗinta. A tattauna maganin rage tabo da wuri, haka ma batun dashe idan shekaru da lafiya sun ba da dama.

Mai hakin da ya fi ƙarfin abin da lambarsa ke nunawa: a duba himoglobin da sinadarin ƙarfe da zuciya kafin a ƙara masa lita.

Mai duhun fata da lambarsa ke kan iyaka: ya nemi a ɗebi jinin jijiyar wuyan hannu a auna kai tsaye. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya gano cewa a lokutan da na'urar yatsa ta nuna 92 zuwa 96, ainihin cikar jini tana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, a fararen fata kuwa kashi 3.6.

Wanda har yanzu ransa ke kan ƙwayar ƙara riƙo: hanya ɗaya ce mai aminci, gwajin magani mai rajista a ƙarƙashin likitan huhu, inda za a riƙa auna iskar jininsa da ƙodarsa da nisan tafiyarsa. Kada ya sayi ragowar Oxbryta ko wani sinadari daga intanet, kada kuma ya rage oksijin ɗinsa saboda lamba ta hau. Idan aka gayyace shi gwaji, ya tambayi masu binciken abu uku: me za su auna ban da lambar yatsa, kwana nawa maganin ke ɗauka kafin ya bar jini, kuma wa zai yanke shawarar rage masa oksijin.